Mun Je Gidan Harry Potter: Ba Tsafi Muka Tarar Ba, Sana'a Ce

Duk mai ɗa ko 'ya a makarantar boko a unguwar nan, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Harry Potter ba. Littattafai 7 ne J.K. Rowling ta rubuta daga 1997 zuwa 2007, aka mai da su fina-finai 8. Wasu iyayen sun hana karanta su, wai tsafi ne, wasu sun ƙyale don yara su goge a Turanci. Da tafiya ta kai mu Ingila, sai muka ce to, gani ya kori ji.

Wurin yana Leavesden, kusa da garin Watford, arewa da Landan. Tsohon filin jirgin sama ne. A nan aka yi aikin fina-finan duka, aka buɗe shi ga baƙi a 2012. Jirgin ƙasa muka hau daga tashar Euston, sannan bas. Tikiti kuwa sai an saya tun kafin ranar.

Da farko aka shigar da mu babban zauren cin abinci na makarantar Hogwarts. Daɓen dutse ne na gaske, ga dogayen tebura. Amma da muka ɗaga kai, sai ƙarafa da fitilu. Wannan sama mai taurari da ake gani a fim, aikin kwamfuta ce. Kyandirorin nan masu shawagi ma, da farko na gaske aka rataye da siririyar waya, zafin wuta ya riƙa tsinka ta suna faɗowa, dole aka koma kwamfuta.

A nan ne wurin ya burge mu. Ko'ina ka duba hannun mai sana'a ne: tela, kafinta, mai fenti, mai sassaƙa. Ita kanta makarantar da ake hangowa kan dutse, ƙaramin gini ce a cikin ɗaki, kashi 1 cikin 24 na girman da ake nunawa. Can ƙarshe akwai ɗaki cike da akwatunan sandunan tsafin fim, ɗauke da sunayen mutum sama da 4,000 da suka yi aikin. Wallahi wannan ɗakin ya fi taɓa mu. Hatta abin shan da ake kira Butterbeer, babu barasa a cikinsa, zaƙi ne kawai da kumfa.

Sai dai fa akwai asara, kuma ba ƙarama ba. Wata 'yarmu da ta karance littattafan tas ta yi tsit a hanyar dawowa. Da muka tambaye ta, sai ta ce makarantar da ta gina a kanta ta fi wannan girma, ga shi yanzu ta kasa tuno ta. Gaskiya ta faɗa. Littafi yakan bar wa mai karatu aikin gini, shi kuwa fim ya gama ginin ya miƙo maka. Wurin nan na fim ne, ba na littafi ba. Kuma hanyar fita ta cikin kanti take, mai yara ya riƙe aljihunsa da kyau.

Shawararmu biyu ce. Wanda Allah Ya ba ikon zuwa, ya bari yaro ya gama karatun tukuna, ya daɗe da nasa hoton a zuci. Mu iyaye kuma, hanawa ko ƙyalewa, kowa ya san gidansa. Amma kafin a yanke hukunci, a zauna da yaro a gaya masa abin da ke bayan labule: katako ne da yadi da gumin mutane. Wata ƙila ya daina raina telan da ke bakin layinmu.