Matani Ko Sharhi: Ra'ayoyin Masu Karatu A Kan Littafin 2001: A Space Odyssey

A bisa abin da muka saba gani a adabin Hausa, littafi ne kan riga fim zuwa duniya. An buga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1934, sai a 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim. Haka abin yake ga littattafan soyayya na Kano waɗanda aka shiga juyawa zuwa finafinan bidiyo tun daga shekarun 1990. Don haka tambayar da manazarcinmu ya saba yi ita ce, shin fim ya riƙe amanar littafi ko kuwa ya ci amanarsa? To, a Amurka da Ingila akwai wani nau'in rubutun zube da ya kifar da wannan tambaya, wato littafin da ake rubutawa domin ya raka fim kasuwa, a liƙa masa hoton 'yan wasa a bango, a sayar da shi ga wanda ya fito daga silima bai ƙoshi ba.

Masana adabin can ba su cika ganin irin wannan littafi da gashi a ka ba, suna ɗaukarsa aikin ƙodago. Ba a rasa dalili ba. Littafin Star Wars da ya fito a ƙarshen 1976, watanni kafin fim ɗin, sunan George Lucas ne a bangonsa alhali Alan Dean Foster ne ya rubuta shi. Amma akwai inda ɗan ƙodagon ya fi maigidansa lura. A fim ɗin Fantastic Voyage na 1966 an ƙanƙance wani jirgin ƙarƙashin ruwa da mutanensa, aka tura su cikin jinin wani majinyaci, sa'an nan a ƙarshe aka manta da ɓaraguzan jirgin a jikinsa, waɗanda in sun koma girmansu na asali za su tarwatsa shi. Isaac Asimov, da aka ba shi aikin mai da labarin littafi, sai da ya nemo hanyar fitar da su. Da yake kuma littafinsa ya riga fim fitowa, mutane da yawa sun zaci daga gare shi aka ɗauko fim ɗin.

Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne littafi guda daga cikin wannan zuriya, wato 2001: A Space Odyssey na Arthur C. Clarke, da kuma saɓanin da ke tsakanin masu karanta shi tun fitowarsa a 1968, shekara guda ke nan kafin Umaru Dembo ya fito mana da Tauraruwa Mai Wutsiya.

Ya kamata a fara sanin yadda aka haife shi, domin nan ne tushen rigimar. Stanley Kubrick da Clarke sun haɗu a birnin New York a watan Afrilu na 1964, suka ɗauki wani gajeren labari na Clarke mai suna The Sentinel, wanda ya rubuta a 1948, suka mai da shi iri. Shawarar da suka yanke ita ce a rubuta labarin a matsayin littafi tukuna, a ciro tsarin fim daga ciki. Amma aikin bai tafi haka ba. Sai ya zama ana rubutu ana ɗaukar hoto lokaci guda, wani zubin Clarke ya ga abin da aka ɗauka ya koma ya gyara babi, wani zubin Kubrick ya sake shawara bayan babi ya kammala. Fim ya fito a Afrilun 1968, littafi ya biyo baya da 'yan watanni, da sunan Clarke shi kaɗai. Wannan jinkiri na 'yan watanni shi ya sa jama'a suka karɓe shi a matsayin ɗan rakiya.

Fim ɗin kuwa mai rowar magana ne. Kusan minti 25 na farkonsa ba a furta kalma ko ɗaya, haka ma sashensa na ƙarshe. Mai kallo yakan ga wani baƙin allo na dutse ya bayyana a tsakiyar wasu halittu masu kama da birai a Afirka, ya sake ganinsa an tono shi a duniyar wata, ya ga kwamfutar kumbo mai suna HAL ta kashe 'yan sama jannati huɗu, ya ga na biyar ɗinsu, David Bowman, ya tsufa a wani ɗaki na ƙawa ya rikiɗa ya zama jariri. Ba wanda ya ce masa ga dalili.

Daga nan masu karatu suka rabu. Kashi na farko, kuma su ne masu rinjayen murya, suna cewa duk wanda fim ya ɗaure wa kai ya nemi littafi, a can amsa take. A wurinsu Clarke ya yi taimako, ya kunce ƙullin da Kubrick ya ɗaura. Kashi na biyu sun yarda cewa littafin ya yi bayani, kuma wannan ne laifinsa a wurinsu. Suna cewa ƙarfin fim ɗin yana cikin shirunsa, Kubrick da kansa ya sha faɗa a hirarrakinsa cewa abin da ya nufa shi ne ya isa ga mai kallo ba ta hanyar kalmomi ba, to ga abokin aikinsa ya zo ya tone asiri da harshe irin na malamin kimiyya. Akwai kuma 'yan tsiraru da suka karanta kafin su kalla, waɗanda kan koka cewa fim ne ya yi wa labari gibi.

Mai karatu zai lura cewa kashi biyun farko, duk da jayayyarsu, a kan tabarma ɗaya suke zaune. Dukansu sun ɗauka fim shi ne matani, littafi kuwa sharhi, kamar yadda almajiri ke buɗe sharhi in ibarar matani ta gagare shi. Na farko yana yaba sharhin don ya warware, na biyu yana kushe shi don ya cika surutu. A ganina wannan ɗauka ba ta da ƙafar tsayawa, kuma hujjar tana cikin littafin. Sharhi ba ya saɓa wa mataninsa a kan abin da ya auku. Wannan kuwa ya saɓa, ba sau ɗaya ba.

A fim, kumbon Discovery ya nufi duniyar Mushtari ne. A littafi Zuhalu ya nufa, ko kuma a ce ɗaya daga cikin watanninta mai suna Iapetus. An bar Zuhalu a fim saboda masu haɗa hoto sun kasa ƙera zobbanta yadda za su gamsar da Kubrick. Shi kuwa Clarke yana da dalilin riƙe ta, domin masu nazarin taurari sun daɗe da sanin cewa wani ɓangare na Iapetus ya fi ɗaya ɓangaren haske nesa ba kusa ba, sai ya mai da wannan abin al'ajabi alamar da baƙin halittu suka kafa don a gan su. (Kumbon Cassini ya gifta kusa da wannan wata a 2007, an kuma gane cewa baƙar ƙura da ƙanƙara ne suka raba fuskarsa biyu.) Allon da ya zo wa birai a fim baƙi ne ƙirin, ba ya motsi. A littafi garai-garai yake kamar gilashi, yana fitar da sauti da zane-zanen haske, yana sarrafa gaɓoɓinsu, yana sa wannan ya ƙulla ciyawa, wancan ya yi jifa, yana nuna musu hoton wasu 'yan'uwansu ƙosassu don ya dasa musu kwaɗayi. Allon karatu ne sosai, har da horo ga wanda ya kasa. A fim Bowman ya fita ɗauko gawar abokinsa Frank Poole, HAL ta hana shi komowa ciki. A littafi bai fita ba, yana ƙoƙarin tashin ɗaya daga cikin ukun da aka sa barcin sanyi ne HAL ta buɗe ƙofofin kumbo iska ta tsiyaye. Ko shekarar haihuwar HAL ba su daidaita ba, fim ya ce 1992, littafi ya ce 1997. Wanda ya ɗauki bayanin allon gilashi ya ɗora wa baƙin allo, ya ce ga ma'anarsa, ya yi aron hujja daga wata shari'a ne. Abin da ke gabanmu ruwaya biyu ne na labari guda, kowace da mai ruwaitonta.

In an yarda da haka, sai a auna littafin da ma'aunin ƙagaggen labari, wato jigo da zubi da salo da taurari. A nan ina ganin kashi na biyu sun yi masa rashin adalci a wurare biyu, sun kuma yi gaskiya a wuri ɗaya.

Wuri na farko shi ne babobin buɗewa. Kyamara ba ta iya shiga zuciyar dabbar da ba ta da harshe, alƙalami kuwa ya iya. Clarke ya ba jagoran biran suna, Moon-Watcher, wato mai kallon wata, ya kuma nuna mana shi ya wayi gari tsohon da ke cikin kogo ya mutu, bai san cewa ubansa ne ba domin ma'anar uba ba ta samu ba tukuna, sai wani ɗan rashin sukuni da ya ji wanda bai san sunansa ba, ya ja gawar ya ajiye wa kuraye. Yunwa ita ce tauraruwar waɗannan babobi. Ga nama yana yawo a gabansu, suna mutuwa da yunwa saboda tunanin kisa bai zo musu ba. Marubucin da ya iya sa mai karatu ya ji tausayin halittar da ba ta san tausayi ba, ba a ce masa mai sharhi.

Wuri na biyu ya fi muhimmanci, shi ne batun HAL. Fim ya bar mai kallo yana zato: ta haukace ne, ko tsoron mutuwa ne, ko girman kai? Littafi ya ce an gina ta ne domin ta isar da bayani ba ragi ba ƙari, sa'an nan hukumomin da suka aika kumbon suka umarce ta da ta ɓoye wa Bowman da Poole ainihin maƙasudin tafiyar. An ɗora mata gaskiya da ƙarya lokaci guda ke nan. Ta fara da ƙoƙarin yanke sadarwa da duniya, inda ake sa mata ido, ta hanyar cewa wata na'ura mai riƙe da eriya za ta lalace. Da aka yi maganar kashe ta, ita da ba ta taɓa barci ba balle ta san ana farkawa, sai ta kare kanta. Masu cewa wannan bayani ya rage wa labarin kwarjini, a nawa ra'ayi, ba su lura da abin da ya yi wa jigo ba. Ya ɗauke laifi daga kan na'ura ya mai da shi kan masu mulkin da suka ga sirri ya fi ran ma'aikatansu, kuma a zamanin Yaƙin Cacar Baki aka rubuta shi. Ga kuma yadda ya ɗinke farko da tsakiya: makamin da biri ya ɗaga ya fasa kan ɗan'uwansa da kwamfutar da aka koya wa ƙarya duk kayan aiki ne da suka ɗauki halin mai su. A yau da ake ta muhawara a kan na'urori masu kwaikwayon tunanin ɗan'adam da irin umarnin da ake ba su, wannan babi ya fi sauran littafin saurin shiga zance.

Inda masu suka suka yi gaskiya shi ne taurari. Heywood Floyd, wanda muka raka zuwa wata, ba mutum ba ne, ɗan jagora ne da aka ɗauka ya zagaya da mu ya nuna mana kayan zamani, har da wani faifan karanta jaridun duniya mai kama da waɗanda ke hannun mutane yanzu. Bowman da Poole ba a rarrabe su sai da suna. Clarke ya fi sanin halin Zuhalu da zobbanta a kan halin mutanen da ya tura can, kuma in ya samu zarafin koyarwa ba ya bari ta wuce. Sai dai ko a nan akwai togiya, domin watannin da Bowman ya yi shi kaɗai bayan mutuwar HAL, yana sauraren wasannin kwaikwayo har muryar mutane ta gundure shi ya koma ga kiɗa zalla, fim ya tsallake su gaba ɗaya, kuma suna cikin mafi kyawun abin da ke littafin.

Ɗakin ƙarshe ma haka. An ce Clarke ya bayyana shi, kuma gaskiya ne ya faɗi cewa baƙin sun kwaikwayo shi ne daga shirye-shiryen talabijin na duniya domin su kwantar wa baƙonsu da hankali. Amma a dubi yadda ya yi. Littafin lambobin waya yana nan, rubutun ciki kuwa dusu-dusu ne ba ya karantuwa. Aljihunan tebur ba sa buɗuwa. Kowane kwalin abinci aka fasa, abu guda ne shuɗi a ciki. Masu masaukin sun ga bayan abubuwanmu ba su ga cikinsu ba. Wannan bai kashe al'ajabi ba, tsoro ya ƙara. Su wane ne su, me kuma jaririn zai yi bayan ya tarwatsa makaman nukiliya da ke kewaya duniya, littafin bai faɗa ba.

Abin da ya raunana matsayin masu kare littafin, Clarke ne da kansa. A 1972 ya fitar da The Lost Worlds of 2001, inda ya tattara babobin da aka zubar da tarihin aikin, wanda ya nuna ƙarara cewa ruwayoyin ma sun fi biyu. Amma da ya tashi rubuta ci gaban labarin a 1982, wato 2010: Odyssey Two, sai ya bar Zuhalu ya koma Mushtari, ya bi fim a kan yadda Bowman ya fita neman Poole, ya kuma sanar da haka a gabatarwarsa. Hotunan da kumbunan Voyager suka aiko na watannin Mushtari a 1979 sun ba shi abin rubutu, wannan gaskiya ne. Sai dai kuma ya san cewa waɗanda suka kalla sun ninka waɗanda suka karanta. Wanda ya gama littafi na farko ya buɗe na biyu zai tarar an sauya masa duniya ba tare da kumbo ya motsa ba, kuma littattafai biyu da suka biyo baya, na 1987 da na 1997, a Mushtari suka ci gaba da zama.