Tawadar Allo da Zanen Ganye a Zangunan Gwanja

Wasu masu nazarin zane sun sha cewa zayyanar allo kwafi ce kawai da gardi ke yi wa yaro ranar sauka, wai ba ruwanta da halittun Allah tunda ba a zana mai rai. Wannan maganar wanda bai taɓa feƙe alƙalami ba ce.

Fataken goro ne suka ɗauko allo da tawada daga Kano da Katsina, suka sauke su a zangunan Salaga da Yendi da Bawku. Alhaji Umaru, marubucin waƙoƙi haifaffen Kano, ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Waƙoƙinsa sun tsira saboda suna kan takarda. Abin da hannun almajirai ya gwada a kan allo kuwa, ruwa ya tafi da shi.

A duba aikin kansa. Gawayi ko baƙin tukunya ake damawa da ƙaro. In ƙaro ya yi yawa, tawada ta yi ƙyalli ta riƙe bakin alƙalami. In ya yi kaɗan, sai ta bi jijiyar icen ta bazu. Alƙalamin gamba kuma baki biyu gare shi: a kwantar da faɗinsa ya ba da layi mai kauri, a juya gefensa ya ba da siririn zare. Tsomi ɗaya yakan fara baƙi wuluk, ya ƙare a koɗaɗɗe. Wanda ya iya wannan juyi zai fitar da ganye da ja ɗaya, gindi da kauri, baki da tsini, ba tare da ya zagaye shi da layi ba. Ku gwada da ganyen ɗorawa, mai ƙananan 'ya'ya bibbiyu a jere: alƙalamin gamba yana bin jerin nan da sauri, kowane ɗigo da nasa nauyi. Ganyen kaɗanya ya fi wuya, don gefensa lanƙwasasshe ne, dole yatsa ya murza alƙalami yana cikin tafiya. Biro ba ya yin wannan, layinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe.

Ni dai a wurina sirrin yana ga wanki. Tawadar bagaruwa da kashin maƙera da ake rubuta littafi da ita tana kama takarda, don haka hannu yana jin tsoronta. Ta allo ana wanke ta da yamma a sake da safe, yaro ya ɓata sau goma ba asara. Da haka hannu ke samun ƙarfin hali, kuma daga nan zayyanar sauka ke samun tsabtarta.

Malaman zane na makarantun Yendi da Bawku, kafin ku aika Tamale sayen kwalbar tawada, ku tura yara makarantar allo ta zango su koyi dama ƙaro da feƙe gamba.