Lauyan da ke fara neman ƙofa

A ce kamfanin hatsi a Funtua ya loda tirela goma ta masarar Dandume da Bakori ya aika wa kamfanin abincin kaji a Ibadan. Kaya sun sauka, kuɗi shiru. Alhaji mai kamfanin hatsin zai shigo ofishin lauya rai a ɓace, so yake a maka su kotu gobe da safe. Gogaggen lauya sai ya ce, "Alhaji, a zauna tukuna, ina takardun?"

Abin da yake nema shi ne hurumi, wato wace kotu ce doka ta ba ikon sauraron wannan rigima. Zai shimfiɗa yarjejeniyar a tebur, yana bin ta da yatsa layi-layi. A ina aka ce za a miƙa kayan, a sito nan Funtua ko sai an sauke a can? A ina za a biya? Ko akwai wani ɗan sakin layi a ƙarshe da ya ce sai an je gaban masu sulhu kafin kotu? Idan cinikin na baka ne, kamar yadda aka saba a harkar hatsi, sai ya koma kan takardar dakon direba, da rasit ɗin sikeli, da saƙonnin WhatsApp, har da shaidar banki. Daga nan ya bincika rajistar Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni ya gano cikakken sunan kamfanin da adireshinsa. Sunan da ke jikin allon shago ba lalle ba ne shi ne na rajista.

A Amurka alƙali kan ba mai ƙara dama ya tilasta wa ɗaya kamfanin fito da takardunsa don a warware tambayar hurumi kaɗai. A nan yawanci da ƙafarsa lauya ke tono su.

Sai babbar mararraba: Katsina, gaban Babbar Kotun Tarayya, ko Babbar Kotun Jiha da ke nan Funtua? Mutane kan ɗauka da an ce kamfani sai kotun tarayya. Sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa abin da ke nata, irin su kwastan, da harajin tarayya, da yadda ake gudanar da kamfani. Bashin masara ba ya ciki. Idan kuma sammacin kotun jiha zai ƙetare zuwa jihar Oyo, inda Ibadan take, akwai rubutun da dokar isar da sammaci ta ce a yi a jikinsa, kuma a ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30. Lauyan kirki da kansa yake dubawa, ba ya barin wa magatakarda.

Mai gaggawa kan tsallake duk wannan. Wani Onuorah ya kai matatar man Kaduna ƙara a kotun tarayya kan cinikin gwangwanaye. Magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda a 2005 ta ce ciniki ne zalla, tun farko ba can ya kamata ya nufa ba.