Ido Ba Mudu Ba: Gwanintar Duba Ɗaurin Murfin Gora

Wanda ya bi ta Jakara da hantsi, ya ratsa ta bakin Kasuwar Kurmi, zai ga gorar roba a kowane hali nata. Ga ta cike da lemo cikin kula da ƙanƙara, ga ta cike da zoɓo ko kunun aya a bokitin 'yar talla, ga ta wofi a buhun ɗan bola-jari, ga kuma wadda ta ƙare a kwatar da ta gaji sunan kogin Jakara. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15, kuma ta ga tulu da salka da tandu da gorar duma. Ta roba baƙuwa ce a cikinsu, don sai a 1973 wani injiniyan kamfanin DuPont a Amurka, Nathaniel Wyeth, ya sami rajistar irin gorar da ke iya riƙe lemo mai gas. Amma matsalar mazubi ba ta canja ba tun daga tandu har yau. A baki take. In baki bai rufu ba, komai kyan abin da ke ciki asara ne.

Matan cikin gari masu ƙulla kunun aya sun san haka sarai. Gorunan da suke saye na hannu ne, an riga an sha abin da ke ciki, kuma murafunsu a cakuɗe suke zuwa. Murfin gorar ruwa irin ta Faro ko Swan ba kullum yake hawa wuyan gorar lemo ba, wani ma ya hau ya yi kamar ya zauna alhali ƙarya yake. Gwana a cikinsu tana ɗaukar murfi ta san gorar da zai aura. Ta murɗa, ta ɗaga gorar daidai idonta ta ga ko murfin ya karkace, ta matsa cikin gorar da yatsu ta saurara ko iska na fita, sannan ta kifa ta. In mai saye ya ce, "Baba, wannan ba za ta yi mini yoyo a jaka ba?" sai ta ce, "Juya ta ka gani, ɗan nan." Tana da dalilin yin taka-tsantsan, domin kunun aya ba ya jure zafi. Da ya fara tsami sai ya tara iska, gora ta kumbura, murfin da bai kama ba ya fara kumfa.

To, a ɗauki wannan aiki nata a kai shi Challawa ko Sharaɗa ko Bompai, inda masana'antun Kano suke. A Challawa ne kamfanin Nigerian Bottling Company, mai yin Coca-Cola, wanda aka kafa a 1951, yake da masana'antarsa ta Kano, kuma ba shi kaɗai ke ɗura abin sha a yankin ba. Layin ɗuri na zamani da ke fitar da gora 36,000 a awa ɗaya ba abin mamaki ba ne a wannan sana'a, akwai ma waɗanda suka fi haka gudu. A lissafa: gora goma ke nan duk daƙiƙa. Babu hannun da zai matsa gora goma a daƙiƙa, babu idon ɗan Adam da zai bi su. Don haka aka ɗora wa kyamara aikin.

A nan ne gwanintar take, kuma a nan ne ni abin ke burge ni. Ɗauri abu ne da hannu ke ji. Kyamara ba ta da yatsu, ba ta taɓa gorar ko sau ɗaya. Dole a nemo alamomin da ɗauri ke bari a fili, waɗanda ido zai iya aunawa, a koya wa na'ura karanta su.

Sai an san yadda murfi ke rufewa kafin a gane alamun. A wuyan gora akwai zaren da makanikai ke kira tiredi, a cikin murfi ma akwai abokinsa. Amma ba tiredin ne ke hana yoyo ba. Aikinsa ya jawo murfi ƙasa har leɓen da ke cikin murfin ya danne bakin gorar. Injin rufewa kuwa wani babban faifai ne mai juyawa, da kawuna masu yawa jere a gefensa, kowane kai ya cafki murfi ya murɗa shi kan gora. An saita kowane kai da iyakar ƙarfin murɗi, da maganaɗisu ko da injin lantarki mai lissafi, ta yadda in ya kai wannan iyaka zai saki. Matsalar ita ce ƙarfin murɗi yana iya yaudara. Idan murfi ya hau a karkace, tiredi ya sarƙe, kan injin zai ji tauri ya ɗauka ya gama aiki, alhali murfin bai kai ƙasa ba. Idan kuma wuyan gorar ya jiƙe, santsi ya sa murfin ya wuce inda ya kamata. Ruwan sukari da ya bushe a tiredi yakan manne murfi, mai buɗewa ya ji shi gam, ya zaci ɗauri ne. Ke nan hannu ma yana kuskure, kuma wasu kurakuran nasa ido ne ke kama su.

Alama ta farko tsawo ce. Ana sa fitila mai faɗi a bayan gorar, kyamara a gabanta, gorar ta gifta tsakani. Fitilar na walƙawa na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, don hoton kada ya yi dishi-dishi saboda gudu. Abin da kyamarar ke samu inuwa ce baƙa ƙirin a kan fari, mai kaifin gefe. Kwamfuta ta auna tazarar da ke tsakanin saman murfi da wannan faffaɗan zoben roba da ke ƙasan wuyan gora, wanda injuna ke rataye ta da shi. Dabara ce babba a auna daga zoben maimakon daga bel ɗin da gorar ke tafiya a kai, domin gora tana rawa a kan bel, kuma gorunan kansu ba sa zuwa da tsawo ɗaya cif. Zoben kuwa da wuyan tare aka zuba su, ba sa sauya wuri. Murfin da ya ɗage da abin da bai kai milimita ɗaya ba, a wannan awo zai tonu. Haka nan ana gwada gefen dama da na hagu: in ɗaya ya fi ɗaya tsawo, murfi ya karkace. Da yake karkata na iya ɓuya in ta fuskanci kyamara kai tsaye, sai a sa kyamarori da yawa a kewaye, ko a jera madubai, a ga murfin ta kowace fuska.

Alama ta biyu ta fi wannan zurfi. Tunda tiredi ne ke jan murfi, yawan juyin da murfi ya yi shi ne ke nuna iyakar saukarsa. Masu ƙera gora da murfi sukan bar ƙananan alamomi, ɗaya a jikin murfi, ɗaya a wuyan gora. Kyamara ta nemo su biyun, ta lissafa digiri nawa ne tsakaninsu. In tazarar ta faɗa cikin abin da aka yarda da shi, murfi ya zauna. In ta gaza, sako-sako ne. In ta zarce, an yi masa ɗaurin da zai iya cinye tiredi ko ya lanƙwasa leɓen ciki, kuma wannan ma yoyo yake haifarwa, ban da wahalar da zai ba yaro ko tsohuwa wajen buɗewa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa murfin da ya gagari hannu shi ne nagari. Ba haka ba ne. Kamfanoni irin su Heuft da Krones na Jamus sun yi suna a kan ƙera waɗannan na'urorin dubawa. Wasu layukan ma suna da bel biyu da ke matse cikin gorar tana wucewa, a duba yadda abin da ke ciki ya motsa, wato dai matsar da mai kunun aya ke yi da yatsunta.

Gorar da ta faɗi jarrabawa, kwamfuta na riƙe da lissafin inda take a cikin jerin. Tana isowa wani wuri sai wani ɗan hannu ya ture ta gefe, sauran su wuce ba tare da ko ɗaya ta faɗi ba.

Sai dai kada a ɗauka na'urar ce gwana. Gwanin shi ne ma'aikacin da ke saita ta. Shi ne zai yanke iyaka tsakanin mai kyau da marar kyau, kuma iyakar nan siririya ce. In ya tsananta, na'ura ta riƙa zubar da lafiyayyun goruna: ko ɗaya cikin dubu ta jefar bisa kuskure, a layin 36,000 gora 36 ke nan duk awa, 288 a aikin awa takwas. In ya sassauta, masu yoyo su fita kasuwa. Ga kuma abokan gaba ƙanana. Lemo da sanyinsa ake ɗura shi, gora ta yi gumi, ɗigon ruwa ɗaya a saman murfi ya bayyana a inuwa kamar ƙari. Shi ya sa ake busa iska mai ƙarfi a bushe wuyan kafin ya iso kyamara. A Kano kuma akwai ƙurar hunturu, wadda ba ta jin kunyar gilashi kowane iri. Idan aka sauya launin murfi ko girman gora, sai an sake saiti. Ma'aikacin kirki yana ajiye gorunan gwaji da ya lalata da gangan, wata ba murfi, wata a karkace, wata a ɗage, lokaci-lokaci ya saka su cikin layi ya tsaya ya ga ko za a ture su. In ɗaya ta tsallake, layi ya tsaya. Sannan 'yan ɗakin gwaji suna ɗebo goruna su ɗora a ma'aunin murɗi, su buɗe, su rubuta ƙarfin da buɗewar ta ci. Sukan sake gwadawa bayan kwana ɗaya, domin roba tana saki kaɗan bayan an ɗaure ta. Ido ba mudu ba ne, in ji Hausawa, amma ya san ƙima, sai dai wannan idon kullum ana komawa a gwada shi da mudun.

Kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe labarinta daban. William Painter ne ya yi rajistar wannan murfi a Baltimo ta Amurka a 1892, da haƙora 24, daga baya aka daidaita a kan 21. Shi ba murɗa shi ake yi ba, dannawa ake yi haƙoran su kama leɓen kwalba. Ana duba shi da kyamara, amma akwai wata hanya mai daɗin ji: a buga masa ƙarfin maganaɗisu ya yi ƙara, na'ura ta saurari amon. Murfin da gas ya tokare daga ciki amonsa daban da na wanda ya saki iska. Kafin zuwan waɗannan na'urori, mutane ake zaunarwa gaban farin allo mai haske, kwalabe na wucewa suna zura musu ido, ana canja su a kai a kai saboda ido na gajiya.

Akwai kuma siririn zoben da ke ƙasan murfin roba, wanda ke tsinkewa da 'yar ƙara idan an buɗe. Irin wannan shaida ta ƙara yaɗuwa a duniya bayan abin da ya faru a Shikago ta Amurka a 1982, lokacin da wani ya zuba guba a maganin Tylenol mutum bakwai suka mutu. Kyamara tana duba cewa zoben ya shige ƙarƙashin mariƙinsa, bai naɗe ba, kuma siraran gadojin da suka haɗa shi da murfi ba su tsinke wajen rufewa ba. A kasuwa irin Kurmi, inda sabuwar gora da ta hannu ke zaune a tebur ɗaya, wannan zobe ya fi lambar NAFDAC da ke jikin takarda saurin gaya wa mai saye gaskiya, domin takarda tana nan ko an sake ɗura gorar, zobe kuwa in ya tsinke ya tsinke. A Tarayyar Turai, daga Yulin 2024, doka ta ce murfi ya zauna maƙale da gorarsa bayan an buɗe, abin da ya ƙara wa masu saita kyamara sabon fasali da za su koya mata.

Duk wannan wahala saboda hanyar da ke gaban gorar ce. Daga Challawa za ta hau babbar mota zuwa Kasuwar Singa, a jibge ta, a ɗora ta a kura ko a-daidaita-sahu, ta sha gargada har cikin lungunan Jakara, a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40. Zafi yana ƙara wa gas ƙarfi a cikin gora, kuma ƙaramar kafa ta ishe shi ya sulale. Ba lallai a ga ɗigo ba, sai dai mai saye ya buɗe ya ji shiru, lemo ya salance.

Abin da ya fi amfani a na'urar ma ba turewar ba ne. Tana iya danganta kowace gora da kan injin da ya rufe ta. Idan aka ga yawancin waɗanda ake turewa daga kai guda suke fitowa, injiniya ba ya ɓata lokaci yana lalube cikin kawuna masu yawa. Kai tsaye zai nufi wannan ɗin, ya kwance shi, ya duba ko haƙoran da ke cafkar murfi sun cinye ko saitin murɗinsa ya goce, ya gyara, layi ya ci gaba.