Wasɗa da Sanayya: Ina Iyakar Taimakon Ɗan'uwa?

Larabawa suna kiran abin nan "wasɗa", wato mutum ya sami mai tsaya masa wajen neman aiki ko ƙarin girma. A 1993 Robert Cunningham da Yasin Sarayrah sun rubuta littafi a kan al'adar, suka raba ta biyu: akwai ta sulhu tsakanin masu faɗa, akwai ta nema wa wani alfarma. Ƙasar Jodan kuwa, a dokarta ta yaƙi da rashawa ta 2006, ta haramta wasɗar da ke danne haƙƙin wani.

Sau da yawa idan aka ta da zancen nan, mukan yanke hukunci da sauri, mu ce ɓarna ce ta wasu. Laifi tudu ne. A Tudun Wada ta Gusau, da Tsafe da Bunguɗu, sunanta sanayya, kuma kowa ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Sashe na 14(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya hana wani yanki ko ƙabila mamaye ayyukan gwamnatin tarayya, amma matashin da ya gama karatu har yau tambayarsa ita ce, "Wa zai kai ni?"

Masu cewa kowace irin tsayawa zunubi ce sun wuce Littafi Mai Tsarki. Barnaba ya tsaya wa Shawulu a gaban manzanni (Ayyukan Manzanni 9:27), Bulus kuma ya roƙa wa Unisimas wurin Filimon. Sai dai mu lura: Barnaba shaidar abin da ya sani ya bayar, Bulus kuwa ya ɗauki bashin a kansa. Ba wanda aka ture don a ba su wuri.

Masu cewa "naka naka ne" su ma sun kauce. Yakubu 2:1-9 ya kira nuna bambanci zunubi. Eli ya rasa gidansa domin ya bar 'ya'yansa a kan aikin da suke ɓatawa. Da aka yi gunaguni a kan gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci (Ayyukan Manzanni 6), manzanni ba su kāre nasu ba. Jama'a suka zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenanci.

Ma'aunin ke nan: wa ya yi asara? In wasiƙar fasto ta sa an duba cancantar yaron da ba shi da kowa, shaida ce. In ta sa an ajiye takardar wanda ya fi shi, zalunci ne, ko da an yi addu'a a kanta.

'Yan'uwa masu hidima, muna kukan ana hana 'ya'yanmu aiki saboda addini ko takardar asali. Kukan ba zai yi nauyi ba sai mun tsabtace ɗaukar malamai a makarantunmu da canjin fastoci a gundumominmu. A tallata gurbi a fili, wanda ɗan'uwansa ke nema kuma ya fita daga kwamitin.