Ina Majalisa a Ruwayar Basasar Kano?

Kalmar basasa aro ce daga Larabci, daga sunan yaƙin Basus wanda ƙabilun Bakar da Taglib, 'yan'uwan juna, suka gwabza a zamanin Jahiliyya a kan taguwa. Da Kanawa suka laƙaba wa rikicin 1893 zuwa 1895 wannan suna, sun riga sun yi masa fassara, watau faɗa ne na cikin gida tsakanin 'ya'yan wa da ƙane. A bisa wannan fassara ruwayar baka take tafe har yau: Tukurawa a gefe, Yusufawa a gefe. Wannan sharhi yana ganin ruwayar ta bar giɓi babba, domin ta mance da majalisa.

Littafin Adamu Fika na 1978 a kan Basasar Kano ya yi abin a yaba, da ya faro labari daga 1882, shekarar da Muhammadu Bello ya gaji wansa Abdullahi Maje Ƙarofi. Bello ya yi ta tuɓe 'ya'yan Abdullahi da mutanensa daga sarautu, yana share wa ɗansa Tukur fage. Ashe tun kafin a zare takobi an raunana masu iya cewa a'a. Sai dai littafin da Turanci yake, ɗalibin Hausa kuwa ruwayar baka ya fi ji.

Da Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya umarci Waziri Buhari ya naɗa Tukur, wanda ya nuna jarumtaka a yaƙin da aka kai wa Kabawa a Argungu. A al'ada, manyan masu sarauta irin su Madaki na Yolawa da Makama na Joɓawa da Sarkin Bai na Dambazawa su ne ke ba da shawara, Sakkwato ta tabbatar. A wannan karo umarni ya rinjayi shawara. Yusufu ya fice zuwa Takai da jama'arsa, ya rasu a 1894, ƙanensa Aliyu Babba ya shiga Kano a shekarar, Tukur kuma ya rasa ransa a 1895.

Tarihin Rum yana haska wannan al'amari. A watan Disamba na shekara ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa, majalisar dattawan Rum ta kaɗa ƙuri'a, 370 suka goyi bayan Kaisar da Fompi duka su ajiye rundunoninsu, 22 kacal suka ƙi. Amma shugaban gwamnati Marselus ya yi watsi da wannan rinjaye, ya miƙa wa Fompi takobi. A Janairun shekara ta 49 Kaisar ya ƙetare kogin Rubikon, dattawa da yawa suka tsere daga birnin tare da Fompi. Majalisar da ya kamata ta raba faɗa sai ta rabu gida biyu. Haka sarautun Kano suka kasu, wasu a birni, wasu a Takai.

Duk da haka kwatancen yana da iyaka, kuma harshe ne ke nuna ta. Majalisa asalinta wurin zama ne, inda ake fadanci a gaban sarki. Ta Rum tana ƙirga ƙuri'a, ta Kano kuwa shawara take bayarwa, sannan akwai Sakkwato a bisanta. Malamin da ya fassara duka biyun da kalma guda, ba tare da bayani ba, zai sa ɗalibi ya ɗora wa Madaki da Makama laifin ƙin amfani da ikon da ba su taɓa mallaka ba. Ƙarfinsu shi ne sarki bai iya mulki sai da dawakinsu da jama'arsu. Da aka raina shawararsu, filin daga ne ya yanke hukunci.

Saboda haka ya kamata masu koyar da tarihi da adabi, daga Kano har Jega da Aliero da Maiyama a ƙasar Gwandu, su daina tsayawa ga tambayar wane ɗan sarki ne ya fi cancanta. Tambayar da ta fi nauyi ita ce wa aka shawarta, kuma me aka yi da shawarar tasa.