Sirri da Rufin Asiri a Harshen Labarai: Tsokaci a kan "An Ce" da "Wata Majiya"

Abin da wannan takarda take son ta jawo hankalin mahalarta taro a kai shi ne wata 'yar dabara ta harshe wadda masu rubuta labarai da Hausa suka mayar abin yau da kullum, har kunne ya daina jin nauyinta. Dabarar kuwa ita ce sakaya mai magana da mai aiki, ta hanyar lamirin nan na "an" da "aka" da "ana", ko ta jingina zance ga "wata majiya mai tushe".

Bahaushe yana da kalmomi biyu a nan, kuma ba ɗaya suke ba. Sirri shi ne zancen da aka ba mutum amana. Asiri kuwa shi ne abin da in ya fito fili mutum zai ji kunya, shi ya sa rufin asiri ya zama addu'a, tonon asiri ya zama abin zargi. To, ɗan jarida ya tashi cikin wannan tarbiyya, sai ga shi sana'arsa tana bukatar ya riƙe na farko, ya kuma tona na biyu in dai ya shafi haƙƙin jama'a. Ra'ayina shi ne, harshen labaranmu ya cakuɗa su.

Riƙe sirrin majiya abu ne mai daraja, kuma an sha wuya a kansa. A shekarar 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa Doka ta 4, wadda ta tanadi hukunci ga wanda ya buga labarin ƙarya, ko labarin da zai zubar da mutuncin gwamnati ko jami'inta. A ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara ɗaya-ɗaya, saboda rahotanni a kan ofisoshin jakadanci da naɗin jakadu. An matsa musu su faɗi wanda ya ba su labari, suka ƙi. A irin wannan hali, "wata majiya" garkuwa ce ga ma'aikacin da zai rasa abincinsa in aka san shi. Ba ni da ja a nan.

Inda nake da ja shi ne inda aka ɗauki wannan garkuwa aka miƙa wa mai iko. Mu dubi jimla irin wannan: "An hana manema labarai shiga." A nahawu jimlar lafiya lau take, amma aikau ya ɓace. Wa ya hana? Da umurnin wa? Mai rahoton yana wurin, ya ga wanda ya tare ƙofa, sai dai harshe ya ba shi mafaka, ya shige. Mai karatu kuma ba shi da hanyar gane ko amana aka riƙe ko tsoro aka ji, domin da siga ɗaya aka zo masa da su duka biyun.

Rashin lafiyar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya isa misali. Ya tafi Jidda ranar 23 ga Nuwamba 2009 ba tare da miƙa wa Majalisar Tarayya wasiƙar da sashe na 145 na Tsarin Mulkin 1999 ya ambata ba. Makonni suka shuɗe ba wanda ya ji muryarsa, ƙasa ta rayu a kan "an ce yana samun sauƙi" da "ana raɗe-raɗin". A al'adance ciwon mutum asirinsa ne, kuma na fahimci masu jin nauyin tona shi (wa zai so a yi tallar jinyar ubansa?). To amma tambayar da ke gaban jama'a ita ce wane ne ke gudanar da mulki, wannan kuwa ba asirin iyali ba ne. Da muryarsa ta fito a BBC ranar 12 ga Janairu 2010, 'yar gajeriyar hirar nan ta wayar tarho ta yi nauyin da tulin rahotannin majiyoyi ba su yi ba, don kawai an san mai maganar. Da ita Majalisa ta kafa hujja ranar 9 ga Fabrairu ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi.

Wani zai ce ai tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, saboda haka matsalar ta ragu. Doka tana buɗe fayil ne kurum, ba ta gyara jimla. Gyaran jimla aikin edita ne, da mu da muke koyar da Hausa. Da za a riƙa tambayar ɗalibi, duk inda ya rubuta "aka", ko ya san wanda ya yi aikin, kuma in ya sani me ya hana shi faɗa, da an rage rabin ɓarnar. Haka nan in dole ne a sakaya majiya, sai a gaya wa mai karatu matsayinta da dalilin sakayawar: likita ce da ta ga majiyyaci, ko kuwa ɗan siyasa ne mai jiran gado? Ko dawowar Shugaban cikin dare ranar 24 ga Fabrairu 2010 ana iya ba ɗalibai ita su feɗe: a rubuta musu "an dawo da shi, an girke sojoji a filin jirgin saman Abuja", a ce su cike gurbin aikau a kowace gaɓa, su kuma kawo hujjar da suka dogara da ita.